Hannun da Mutyaba Ya Ara

"Ke dai ba ki je ba ne. Da kin ga abin da ido ya gani."

"Ina zan je, wanki ya sha mini kai? Matso da jarkarki ki ba ni labari."

"Yaron nan ɗan mai gasa masara, wanda ke karatun wasa. Sai ga shi ya fito da kwat ɗin tsohon a jikinsa, hannu na rawa haka, haka. Ya ɗauki cokali ya buga kofi, ƙwan-ƙwan-ƙwan, matar ɗan ta shigo tana sunkuyar da kai."

"Ke! Kwat ɗin nasa na gaske?"

"Mai ƙunar nan a bakin aljihu. Na rantse har cikina ya ƙulle don dariya."

"To, ai dama mun faɗa. Haka kawai hannun mutum zai kama rawa?"

"Yi shiru, uwar surutu, ga ta can tafe da bokiti."

A bakin famfon layinmu na Nateete, a gefen Kampala, na ji wannan, ran Litinin da safe, ina jiran jarkata ta cika. Sana'ata rubuta wasannin rediyo, saboda haka kunnena ya saba da tsince-tsince a irin wannan wuri. Amma abin da na tsinta ran nan, ji na yi kamar na taka kashin kare ba takalmi. Mai tafe da bokitin sunanta Nanteza. Tsohon da ake nufi uban mijinta ne, Kiberu, wanda a da yake gyara mana rediyo. Yaron kuwa Mutyaba ne, kuma labarinsa zan bayar, tunda shi ya dama wannan kunun.

Tun yana yawo tsirara nake ganin Mutyaba. Uwarsa tana gasa masara a bakin tashar motoci, nan ya tashi, tsakanin hayaƙin gawayi da ihun kwandastoci. Tun bai iya ɗaura wando ba ya iya kiran fasinja da muryar kowane kwandasta, har direba ya tada mota a banza. Ya iya Fada na coci in yana wa'azi, ya iya mashayin da ke kwana bayan shagon nama, ya iya akuyar maƙwabta in ana jan ta da igiya. Na sha kai shi gidan rediyo in ana neman kukan jariri ko na kaza. Abu ɗaya ne na daɗe ban ji ba, muryarsa ta kansa. Ko ina kwana ka ce masa, da muryar wani zai amsa.

Ubansa ya rasu yana firamare. Ba a ma kwashe rumfar makoki ba aka kama shi a bayan banɗaki, ya tara yara yana yi musu kukan uwarsa: yadda ta ɗora hannu a ka, yadda muryarta ta karye a tsakiyar sunan mijin, har shessheƙar da ke biyo baya. Uwar ta bi shi da maficin da take hura wuta. Mutane suka riƙe ta suna dariya, suna cewa, "Haba, ƙyale shi, baiwa ce." Kalmar nan ta bi shi har girma. Duk abin da ya yi, baiwa ce.

Da ya gama sakandare ya samu shiga wata kwaleji a cikin Kampala, sashen wasan kwaikwayo. Daga nan barandata ta zama ajinsa na biyu, shi ne malami, ni ne ɗalibi. Yakan zo da yamma da gasasshiyar masara, ya karya ya miƙa mini rabi, ya fara.

"Kawu, ku 'yan rediyo kuna tsammanin mutum a maƙogwaro yake. Mutum daga ƙafa yake farawa. Ka ga yadda yake taka ƙasa, ka san abin da yake tsoro."

"To, farfesa."

"Da gaske nake. Malamarmu ta ce kar mu ƙirƙiri komai. Ta ce ku fita ku kalli mutane, Allah ya riga ya yi muku aikin."

Kuma gaskiya ya ƙaru. An koya masa numfashi daga ciki, an koya masa tsayuwa, an koya masa abin da na zaci ba zai taɓa iyawa ba, wato yin shiru. Na je wani wasansu inda ya fito a ɗan sanda. Bai ce uffan ba, tsayuwa kawai ya yi a gefe yana sosa haɓa da kan kulki, amma sai da na ji tsoronsa. Ranar na ce masa ya yi, shi kuma ya ce ai dama ya sani.

A shekararsu ta ƙarshe aka ba shi tsoho. Abin ya gagare shi. Ya ranƙwafa baya, ya yi tari, ya shafa garin rogo a ka. Malamar ta dube shi ta ce, "Wannan ba tsoho ba ne, saurayi ne ya faɗa buhun gari." Ranar ya zo barandata ko masara bai kawo ba. Muna zaune sai muka ji ƙarar cokali a jikin kofi daga ɗakin da ke fuskantar nawa. Ƙwan-ƙwan-ƙwan. Nanteza ta bar kaskon rogonta a wuta, ta goge hannu a zani ta shiga. Na ga Mutyaba ya miƙe wuya kamar karen da ya jiyo mahauta.

Kiberu ya yi shekaru yana gyaran rediyo a ƙofar wannan ɗakin. A da in ya ɗora dalma kan waya siririya kamar gashi, ko numfashinsa ba ya motsa hannun. Rawar ta fara masa a babban yatsa, tun ɗansa Ssali, mijin Nanteza, yana da rai, yana acaɓarsa. Likita ya ba ciwon wani dogon suna, ya ba shi ƙwayoyi. Sai babbar mota ta take Ssali a hanyar Masaka. Matar Kiberu ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aikatau a ƙasar Larabawa. Bayan an share makoki 'yan'uwan Nanteza suka zo tafiya da ita gida Mityana. Ta ce to, wa zai ba tsohon abinci? Ta zauna.

A wurinmu matar ɗa ba ta taɓa jikin uban mijinta. Ko kwano ba ta miƙa masa hannu da hannu, ajiyewa take ta ja baya, gaisuwa ma daga nesa take durƙusawa. Wanda ya ƙetare wannan, in ji manya, jikinsa zai kama karkarwa har ranar mutuwarsa. Sunan hanin da sunan karkarwar ɗaya ne: obuko. Nanteza ta kiyaye iya ƙarfinta, har ranar da ta ga tsohon ya kife kunu mai zafi a cinya yana ƙoƙarin kai kofi baki. Daga ranar ta ɗauki cokali ta fara ba shi. Dabararta guda ce, ƙofa a buɗe, labule a ɗage, duk mai wucewa ya ga abin da ake yi. Muryar tsohon ta riga ta shige ciki, ba ya iya kira, shi ya sa yake buga cokali a kofi. Layin ya yi 'yan gunagunansa ya gaji. Kowa ya san rawar ta riga mutuwar Ssali, kuma kowa na sayen soyayyen rogon Nanteza.

Ta wannan buɗaɗɗiyar ƙofar Mutyaba ya shiga.

Ya je da wata matacciyar rediyo, ya rusuna ya ce, "Kaka, so nake in koyi gyara." Kiberu ya daɗe ba wanda ya tambaye shi komai sai yaya jiki. Ya yi ta murna da ido, tunda fuskar ba ta motsi. Kullum da yamma sai ka gan su, tsohon yana nuni da haɓa, yaron yana kwance wayoyi. Yana ɗebo musu ruwa, yana ɗauko musu buhun gawayi daga bakin titi. Nanteza ta riƙa ajiye masa rogo mai zafi da gishiri, tana cewa, "Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Ka ga jiya har dariya ya yi." Uwar Mutyaba ma ta tare ni a tasha ta ce yaron ya fara hankali.

Ni kaɗai nake jin ɗaya ɓangaren, a baranda.

"Kawu, duba nan." Ya ɗora hannu a gwiwa, babban yatsa ya fara murza manuni kamar mai murza ƙwayar gero. "Ba duka hannun ke rawa ba, nan kuskuren yara yake. Daga yatsa take tashi. In zai kai hannu ga abu takan ɗan lafa, da ya ajiye ta dawo. Kuma fuska ba ta taya ta. Fuskar nan kamar an shafe ta da siminti. Wuyar kenan, ka hana fuskarka magana."

Ya tashi ya nuna mini tafiyar. Ƙafar farko ta liƙe a ƙasa kamar an sa mata danƙo, sannan gajerun taku da sauri-sauri, kamar mai bin kansa kar ya faɗi. Kiberu ne a barandata.

"Jiya na gwada a gari," ya ce. "Na sa hula na rufe fuska, na tsaya bakin titi ina yi. Wata 'yar makaranta ta kama hannuna ta tsallakar da ni, tana ce mini sannu Kaka. Da muka haye na miƙe na ce mata na gode da muryata. Ka ga gudun da ta yi!"

Ban taya shi dariyar ba, bai kuma lura ba.

"Ka san in tsohon ya yi barci hannun tsayawa yake cak?"

"Kai ina ka sani?"

"Na leƙa mana. Yana gyangyaɗi da rana na zauna na ƙare masa kallo. Har miyau na ga ta gefen da yake zuba. Hagu."

Na ajiye masarar, ta fita raina. Na ce, "Mu in za mu yi mutum a rediyo, mukan ɗauki murya nan, tari can, baƙar magana a wani wuri, mu gauraya, yadda ba mai cewa wane ne. Kuma ka san sunan da ake ba rawar nan a layinmu."

Ya yi dariya da muryar wata tsohuwa. "Obuko! Haba Kawu, a zamanin waya? Wannan ai zancen kakanni ne. Gauraye kuma na 'yan rediyo ne da ba su da fuska. Mu gaskiya muke nema."

Na tambaye shi wane irin tsoho ne a wasan. Ya ce tsoho dai, in na zo na gani.

Ajin nasu sukan kai wasan ƙarshe cikin unguwa, gaban jama'a, malamai na zaune suna dubawa. Mutyaba ne ya nace a kawo shi Nateete, don uwarsa ta gan shi. Aka sa ran Lahadi bayan an tashi daga coci, a zauren taro na bayan kasuwa. Ana gobe ya je ya ari kwat ɗin Kiberu, ruwan ƙasa, mai ƙunar dalma a bakin aljihu, wanda duk layin ya sani kamar yadda ya san fuskar mai shi. Nanteza da kanta ta hura gawayi ta goge masa shi, ta ninke, ta ce, "Ka fito fes, kar ka ba mu kunya." Ran wasan ta ba tsohon abinci da wuri, ta sa gomesinta, doguwar rigar biki ta mata, mai ruwan ganye, ta zo ta zauna a gefe, ɗan gaba da ni.

Wasan a kan matan da mazansu suka mutu ne, da yadda dangin miji ke cinye su. Uban mijin da aka tsara ƙato ne mai sanda da tsawa, yana son gidan ɗansa, yana kuma son matar. Wata 'yar ajinsu ta gaya mini daga baya cewa babu rawar hannu a ciki, babu kofi. Duk Mutyaba ne ya kawo.

Ba zan yi ƙarya ba, fitowarsa ta yi kyau, irin kyawun da ke tayar da zuciya. Ya tsaya a bakin dandamali ƙafa ta liƙe, zauren ya yi tsit. Ya zauna, yatsa ya fara murzawa. Wata a bayana ta ja numfashi ta ce, "Yesu!" Da a nan ya tsaya, da sai in ce tausayi ya zo koya mana. Sai ya ɗauki cokali. Ƙwan-ƙwan-ƙwan. Yarinyar da ta fito a matar ɗan ta shigo ta durƙusa daga nesa. Ya yafito ta da haɓa, ya ce cikin siririyar muryar nan mai shigewa ciki, "Matso mana, 'yata. Sauke labulen."

Daga can baya wani ɗan acaɓa ya ƙwala: "Obuko!"

Zauren ya fashe. Mata na dukan cinya, maza na buga benci, ana juyowa ana neman inda Nanteza take. Na dubi Mutyaba ina jiran in ga ya daskare, ya gane. Ina! Dariyar ta shige shi kamar giya. Ya ƙara wa hannun rawa. Ya sake buga kofin, alhali yarinyar tana gabansa, babu wanda za a kira. Ya saki miyau ta gefen hagu. Malamarsu 'yar arewacin ƙasar ce daga wajen Gulu, harshenta daban, ba ta san kalmar ba, ba ta san kwat ɗin ba. Tana gaba tana murmushi tana gyaɗa kai, ga ɗalibinta ya kama jama'a.

Uwar Mutyaba, wadda aka yi duk wannan don ta gani, ta tashi tsakiyar wasan ta fita, ta ja gyale ta rufe baki. Nanteza ba ta da wannan damar. In ta tashi, ta amsa kenan. Ta zauna ƙyam har aka gama, hannu biyu a cinya, da aka yi tafi ita ma ta yi. Ban taɓa ganin abin da ya ƙona mini rai kamar wannan tafin ba.

Washegari ne na ji matan bakin famfo.

Ba a yi wani babban abu ba. Ƙanana aka yi ta yi, masu wari. Rogonta ya riƙa sanyi a tire, mutanen da suka shekara suna ci suka tuna ba su san inda hannunta ya taɓa ba. 'Yan acaɓan bakin layi in ta wuce sai su buga makulli a tankin mai, ƙwan-ƙwan-ƙwan, su duƙar da kai kamar ba su ba. Wani ya ɗauki wasan a waya, ya yi ta yawo har ya kai Mityana. Waɗanda suka ɗauki gawar Ssali da hannunsu, suka kuma ga uban yana rawa a bakin kabarin, yanzu su ne ke haɗa kai suna cewa anya kuwa, yaushe ma ta fara masa?

Nanteza ta daina shiga ɗakin. Ta koma ajiye kwano a bakin ƙofa ta ja baya, yadda manya suka ce. Daga barandata nake hango tsohon yana kokawa da cokali, abin da ke isa baki bai kai wanda ke zuba a farar doguwar rigarsa ta kanzu ba. Wata maƙwabciya ta gwada ba shi, mijinta ya hana ta komawa. Nakan shiga in na dawo aiki, amma safe da rana fa? Tsohon kuwa bai tambayi kowa me ya faru ba. Ɗakinsa na bakin hanya, kunnensa kuma lafiya lau.

Mutyaba ya ɓace a makaranta 'yan kwanaki, sannan ya zo mini da masara, fuska na ƙyalli.

"Kawu, ni na zo na ɗaya! Malama ta ce ba ta gan ni ba sam a dandamalin, tsohon kawai ta gani. Ka san abin da na gano? Kwaikwayo daban, zama mutum daban. Da can ɗaukar mutane nake daga waje, kamar riga. Wannan karon ciki na shiga. Akwai inda na ji ni ba ni ba ne, hannun da kansa yake yi. Mama ce kawai ta ba ni haushi, tun ranar ko kallona ba ta yi, ni ban san me..."

"Zauna," na ce. "Yi shiru. Kai da ke da kunne."

Ya zauna. Ƙwan-ƙwan-ƙwan, daga ɗakin can. Nanteza tana ƙofar nata ɗakin tana ninke kaya a akwati, ba ta ɗaga kai ba. Ƙwan-ƙwan. Aka ɗan jima. Ƙwan.

"Me ya sa ba ta shiga?"

"Ka tambayi labulen da ka ce a sauke."

"Kawu, wasa ne fa! Ai ban ambaci sunansa ba. Mutane ne jahilai, ni me na..." Ya kasa ƙarasawa, ko kuwa ya rasa muryar da zai ƙarasa da ita.

"Yayanta na zuwa gobe ya tafi da ita. Kwat ɗin ma har yau yana wurinka."

Da hantsi yayan ya iso, dogo mai kaurin wuya, bai gaida kowa a layin ba. Ya ɗaure akwatin a bayan babur. Matan famfo duk suka tuna suna da shara a ƙofar gida. Sai ga Mutyaba da kwat a ninke a hannu. Ya tsaya gaban Nanteza ya buɗe baki, "Yaya..." Hannunsa na rawa. Ni da nake kusa na ga ba irin waccan ba ce. Wannan duka hannun ne, har kwat ɗin na kaɗawa, irin wadda ya ce kuskuren yara ce. Tsoro ne da kunya, na gaske, wataƙila abu na farko nasa na kansa da na taɓa gani.

Nanteza ta dubi hannun, ta dube shi.

"Har nan? Ba a tashi daga wasan ba?"

"Yaya, na rantse ba yi nake ba."

Wata cikin masu sharar ta ce, "Shi ma ta kama shi. Ko wa ya taɓa?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Zan bi gida-gida," in ji shi. "Zan tsaya a bakin famfo in gaya musu ƙarya ne, ni na ƙara, ba ki taɓa..."

"Da wace muryar?" ta ce. "Ta kwandasta ko ta akuya?" Ta karɓi kwat ɗin da yatsu biyu ta rataye a ƙusar ƙofa daga waje. "Rogona da ka ci, Allah ya sa ya zame maka lafiya. Matsa, ka tare mini hanya."

Ta ja nesa da bakin ƙofar tsohon, ta durƙusa a ƙasa yadda sabuwar amarya ke yi. "Baba, na tafi. Ƙwayar safe tana cikin gwangwanin shayi, ta yamma a ƙarƙashin rediyo. Kar ka yarda a ba ka kunu da zafi."

Sai da muka kasa kunne muka ji amsar. "Ki gaida mutanen Mityana, 'yata. Kin yi."

Babur ya tashi. Masu shara suka ga ƙofofinsu sun yi tsabta.

Kwanon matoke, wato dafaffiyar ayaba, da miyar gyaɗa yana nan bakin ƙofa inda ta ajiye, ƙudaje sun fara sauka. Daga ciki cokali ya taɓa kofi, sabo ne kawai, sannan ya yi shiru. Mutyaba ya dube ni. Ya sunkuya ya ɗauki kwanon ya shiga, na bi shi na tsaya a bakin ƙofa.

Kiberu na zaune a kujerarsa. Matacciyar rediyon Mutyaba tana kan tebur a buɗe, hanjinta a waje, yadda suka bar ta. Yaron ya durƙusa. "Kaka, ka yafe mini."

"An ce ka iya ni," in ji tsohon. "An ce ka fi ni iyawa."

Mutyaba ya sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a gefen kwanon. Na fara cewa a raina to, ashe akwai mutum a ciki. Ya ɗebo abinci ya kai bakin tsohon. Leɓen Kiberu na ƙasa ya yi wani irin motsi, ya karkata, yana son ya yi kuka a fuskar da ba ta yarda. Sai na ga idon Mutyaba, jiƙe da hawaye, ya sauka a kan leɓen nan. Ya tsaya, ya ƙanƙance. Na ga nasa leɓen na ƙasa ya ɗan karkata shi ma, a hankali, yana gwadawa.

Miyau ya cika mini baki, na juya na tofar a waje.

Ashe tsohon ma ya gani. Ya kau da kai daga cokalin, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya.

"Yunwa nake ji, yaro, ba ni zan ci. Amma don girman Allah, ka ɗauke idonka daga kaina."